Idon da Baba Yake Rufewa

AUTA: Salamu alaikum. Inna, kina ji na?

INNA: Wa alaikumus salam. Auta, ke ce? Muryarki kamar daga cikin rijiya.

AUTA: Ni ce. Ina wuni?

INNA: Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan naki?

AUTA: Lafiya ƙalau, yana gaishe ku. Ya ƙafar taki?

INNA: Da sauƙi. Ya jego? Ina ƙawata, tana barinki barci kuwa?

AUTA: Ina fa. Wata biyu yau, amma huhu kamar na mai tallan magani. Ya su Yaya?

INNA: Duk lafiya. Ki riƙa shan ruwa da yawa dai.

AUTA: Ina sha. Ya Baba? Yana shago?

INNA: Yana ɗaki.

AUTA: Da rana tsaka? Mutumin da ko zazzaɓi ba ya raba shi da zarto?

INNA: An yi wa yarinyar rigakafi kuwa?

AUTA: An yi. Inna, Baba na tambaya.

INNA: Gajiya ce kawai. Tun da muka dawo daga wurin likita jiya bai...

AUTA: Jiya? Ai allurar idon tasa sai ashirin ga wata.

INNA: Me kika ce? Layin na yankewa.

AUTA: Layi lafiyarsa ƙalau. Me ya kai ku asibiti jiya?

INNA: Kin ga, ke mai jego ce, ba a son...

AUTA: Don Allah, Inna. Ki faɗa min kawai.

INNA: To. Babanki dai wata biyar ke nan bai je allurar nan ba.

AUTA: Wata nawa?

INNA: Biyar.

AUTA: Innalillahi. Amma duk wata ina turo...

INNA: Kuɗinki na nan a gwangwani cikin akwatina, ko kwabo ba a taɓa ba. Shi ya ce kar a faɗa miki, kina fama da ciki.

AUTA: Ni da na ce a kai shi asibitin kuɗi don kar ya yi ta jiran layi har idon ya lalace? Me ya hana shi zuwa?

INNA: Wai ya warke. Da aka yi masa uku na farko, na hagun mai ciwon ya ɗan washe. Kin san takardar nan da likita ya ba shi, mai layi-layi kamar littafin lissafi, da ɗigo a tsakiya?

AUTA: Wadda zai riƙa dubawa kullum, in layin ya karkace a koma da sauri.

INNA: Ita. Kullum da safe sai ya rufe ido ɗaya ya duba, ya ce ga layi nan a miƙe sak, don me za a ci gaba da soka masa allura a ƙwayar ido.

AUTA: To ai in a miƙe yake gani...

INNA: Auta, wane ido babanki yake rufewa in zai duba katako?

AUTA: Na hagu mana. Tun muna yara muke kwaikwayonsa, mu ɗaga tsinke mu... Inna. Inna, kar ki ce min mai ciwon yake rufewa.

INNA: Wata biyar da mai lafiyar yake duba takardar. Ni nake riƙe masa ita, ni ma ban lura ba. Na saba ganin fuskarsa a haka.

AUTA: Yanzu me likita ya ce?

INNA: Ya nuna mana hoton bayan idon. Ya ce jijiyoyin nan masu yoyo sun yi ta zubar da ruwa da jini har wurin ya zama tabo. Na hagu ya tafi. Ko allura ɗari aka yi, ba ta taɓa tabo.

AUTA: Ya tafi ke nan.

INNA: Zai riƙa ganin gefe-gefe, tsakiya ce babu. Kuma ba shi ya kai mu ba ma.

AUTA: Akwai wani abu kuma?

INNA: Ƙofar malamin makarantar nan ta bayanmu. Kwana uku yana kankare gefenta wai a karkace take, har ta kasa rufe gurbinta. Malamin ya ɗora masa rula ya ce ga shi a miƙe. Babanki ya ce rular ma a karkace take.

AUTA: Na daman ma ya kama.

INNA: Tun sati shida, ashe, yana ɓoyewa. Sun ce a fara allura jibi. Wataƙila ta tsayar da shi, amma abin da ya tafi ya tafi, kuma jinin ya taru a daidai tsakiya. Likitan ko kallona bai yi ba da yake faɗa.

AUTA: Ba ni shi.

INNA: Ba zai karɓa ba, ko Yayanki bai... Au, ga shi tsaye a bakin ƙofa, ashe yana jin mu. Malam, ga wayar, kai ta kunnenka, ba nan ba, juya ta.

BABA: Auta.

AUTA: Baba, ina wuni? Ya jiki?

BABA: Jiki garau. Ya amaryata? An ce ta ɗauko hancina, Allah ya ba ta haƙuri.

AUTA: Baba, raina ya ɓaci. Wallahi ya ɓaci.

BABA: Da gaskiyarki.

AUTA: Likita bai ce ka riƙa gwada idanun ɗaya bayan ɗaya ba?

BABA: Ya ce. Na kuma ce to. Amma shekara arba'in, da an ce duba miƙewar abu, hagun ke rufe kansa. Ban taɓa sa shi ba, ban taɓa hana shi ba.

AUTA: Jibi za ka je?

BABA: Me? Ba na ji.

AUTA: Na ce jibi za ka je allurar?

BABA: Zan je. In kwanta, su tale min ido da ƙarfen nan nasu, su soka. Ba tsoron allura nake ba. Sai dai na san katakon da gara ta ci daga ciki, ko an shafa masa fenti.

AUTA: Ka daina faɗar haka. Ana dacewa, akwai waɗanda...

BABA: Saurara. Yau da safe uwarki ta kawo min ruwa. Na ga ɗankwalinta, na ga 'yan kunnenta, na ga kofin. Wurin fuskar sai wani duhu-duhu. Sai na kalli kafaɗarta sannan nake ɗan tsinto idonta.

AUTA: Baba...

BABA: Kar ki yi kuka, nononki zai ɗauke. Abu ɗaya nake so. Ki kawo min yarinyar nan in gan ta.

AUTA: Ai na turo hotuna a wayar Yaya.

BABA: Na ga zanin goyo mai kyau.

AUTA: Za mu zo. Ƙarshen wata mai zuwa babanta zai samu hutu, hanyar da nisa, ba zan iya ni kaɗai da jaririya...

BABA: Sati nawa ke nan?

AUTA: Bakwai. Ko shida da 'yan kwanaki.

BABA: To bari in gaya miki, don na auna. Ina tsayawa taku uku daga bango in kalli tef ɗin awo. Sati biyu da suka wuce duhun nan kan ƙusa kawai yake rufewa. Ran Litinin inci biyu. Yau huɗu da rabi.

AUTA: Allurar za ta tsayar da shi, in sha Allah.

BABA: Allah ya sa. Fuskar jaririya inci nawa ce, Auta?

AUTA: Ban sani ba, Baba.

BABA: Ni na sani. Taki na auna da tafin hannuna ranar da aka haife ki, ko cika shi ba ta yi ba.

AUTA: Zan yi magana da shi yau. Ko in biyo motar safe, ko... Baba, katina ya kusa ƙarewa, bari in sa wani in sake kira.

BABA: Bar shi, murya ba ta ƙare min ba, ita zan yi ta ji har in gaji. Ke dai in kun zo, kar ki miƙo min ita ta gaba. Ki tsaya ta gefen damana, kusa da taga, sai in kalli bango in...

AUTA: Baba? Baba, kana ji na?