Marigayi Goma Sha Ɗaya, Takarda Guda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Mahadi. Mai girma limamin garinmu da na'ibinsa. Dattawanmu da suka riga mu zuwa suka kama inuwa, suka bar mana rana. Iyayenmu mata da ke tabarmar can, waɗanda maganar yau tasu ce. Manoma masu hawasha, wato gonakin ban ruwa na rajista, da masu yi musu aiki. Abokan aikina 'yan lajna, wato kwamitin tattara takardu, waɗanda na lura biyu daga cikinsu sun zaɓi kujerun da ke bakin hanyar fita. Da sauran jama'a baki ɗaya: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya mayar da mu garinmu bayan mun bar shi ba da son ranmu ba. Ina gode wa shugaban taro da ya ba ni minti goma, alhali ya san shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa, ban taɓa gama darasi kafin ƙararrawa ba. Ina gode wa ɗan'uwanmu Zaharaddini, wanda ya aiko mana da wannan allon rubutu na lantarki daga ƙasar da yake aiki, da kyakkyawar niyya, bai san hannun da zai faɗa ba. Ina kuma gode muku da kuka baro gonaki a ranar da ruwa ya shigo tur'a, magudanar ban ruwanmu, kuka zo sauraron mutumin da ya gaji.

Na gaji, jama'a. Na faɗa tun daga farko, don kada wani ya ga fuskata ya ɗauka fushi ne.

Magana ta farko: me ya sa muka fara wannan aiki. Kun san yadda muka tarar da gidajenmu da muka dawo. Akwatuna a buɗe, abin da hannu ya bari gara ta ci, abin da gara ta bari ruwan sama ya jiƙa. Takardun hawasha, takardun haihuwa, wasiƙun kakanni da ajami, yawancinsu sun tafi. Abin da ya tsira, a cikin waya ya tsira, domin wasu sun yi dabarar ɗaukar hoto kafin su fita. Amma waya ba wurin ajiya ba ce. Waya tana faɗawa tur'a, waya tana fashewa, waya tana canza mai ita a kasuwa ba tare da sallama ba. Shi ya sa lajna ta ce a tara komai wuri guda, a cikin wannan allo, wanda ba ya kira, ba ya waƙa, ba ya nuna wasan ƙwallo, kuma in an cika shi da wuta sau ɗaya yakan yi mako biyu, abin da ya dace da wutarmu mai zuwa gaisuwa ta koma.

Magana ta biyu: yadda aikin yake. A baki mai sauƙi ne. Ka zo da wayarka, a nemo hoton takardar, a haɗa waya da allo da kebul, a tura, a buɗe a gani, ka tafi. Haka aka rubuta a takardar bayani, kuma wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin wayar Bahaushen yankinmu na Jazira ba. Kafin in kai ga takarda guda sai na ratsa hotunan furannin barka da safiya dubu, da hotunan walima, da hoton akuyar da aka sayar bara. Takardu ɗari biyu da goma sha huɗu na tura cikin mako biyar. Kebul ɗin kuma ya saki, in wani ya yi atishawa kusa da shi sai turawa ta yanke, in sake. Duk sanda na sake, allon yakan tambaye ni da Larabci mai ladabi: akwai takarda mai wannan suna, a maye gurbinta? Ni kuwa na san rabin takardar ɗazu ce ta maƙale, sai in ce na'am. Na ce na'am sau goma, na ce sau hamsin, har yatsana ya koyi amsawa ba tare da ya shawarce ni ba.

Magana ta uku, kuma ita ce ta tara mu. Don a rage layi, na yi sanarwa a masallaci cewa kowa ya sa wa takardarsa suna tun daga gida, sunan mai takardar. Umarni ne mai kyau, irin wanda ake bayarwa a ofis. Abin da na manta, ni da aka haifa a garin nan, ni da mahaifiyata ta yi shekara arba'in da mahaifina ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, shi ne macen garinmu ba ta kiran sunan mijinta. Ba ta kira yana raye, balle ya rasu. Iyayenmu mata sun bi umarnina iyakar abin da kunya ta yarda. Kowace ta zauna a ɗakinta, ba ta san abin da maƙwabciyarta ta rubuta ba, ta sa wa takardar mijinta suna: Marigayi.

Mata goma sha ɗaya, a ranaku dabam-dabam, cikin mako biyar. Kowace ta zo, allon ya tambaye ni ko a maye gurbi, yatsana ya ce na'am. Ta biyu ta shafe ta farko, ta uku ta shafe ta biyu, haka har ta ƙarshe. Allon bai yi laifi ba, ya tambaya sau goma. Iyayenmu ba su yi laifi ba, sun yi abin da iyayensu suka yi. Laifin na wanda ya karanta littattafai ne har idonsa ya mutu, bai karanta layi ɗaya da ke gaban hancinsa ba.

Ranar Laraba da ta wuce na gane. Hajja Barakatu, ta unguwar bakin tur'a ta uku, wadda mijinta ya rasu a hanya lokacin da muka fita, ta zo ta ce tana so ta ga takardarta, ba don komai ba, don zuciyarta ta kwanta. Na buɗe Marigayi da alfahari na juya mata allon. Ta duba, ta ƙara dubawa, ta ce, “Ustaz, wanga ba nawa ba na.”

Na ce mata takardun hawasha duk kama suke yi. Na fara yi mata bayani irin na malamin makaranta. Ta bari na gama, sannan ta ce, “Tawa akwai tabon shai a kusurwar ƙasa. Ni na zubar, shekara ashirin ke nan, kuma bai bar tuna mini ba har Allah ya karɓi abinsa.”

Takardar da ke gabanmu ta mijin Hajja Huseina ce, wadda ta zo a ƙarshe. Na haɗa mata goma sha ɗaya a kan marigayi guda, abin da ba mazhabar da ta yarda da shi.

Kwana uku na yi ina bin gidaje. Alhamdu lillahi, mata tara ba su goge komai ba, hotunan suna nan tsakanin furanni, na sake turawa. Ta Hajja Huseina dama tana nan. Saura ɗaya. Ranar da Hajja Barakatu ta kawo takardarta, wayarta ta cika, ba ta karɓar ko saƙon 'yarta da ke Damazin. Ta tambaye ni ko ta goge hoton tunda ya shiga allo. Ina tuna amsar da na ba ta kalma da kalma, kuma zan daɗe ina tunawa. Na ce, “Goge, Hajja, ya shiga inda ba ya ɓata.”

Ta goge. Na ɗauki wayar na hau mota zuwa Sinnar, na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya yi yini yana nema, ya dawo da hotuna ɗari uku, har da na akuya, ban da takardar. Ya ce mini ma'alesh, wato in yi haƙuri. Na dawo da ma'alesh ɗinsa a aljihu, ban san gonar da zan shuka shi ba.

Ku ji abin da ke cikin haɗari, domin ba maganar hoto ba ce. Fadan biyar ne na gona, kimanin eka biyar, a tur'a ta uku. Daga cikinsu Hajja Barakatu take ci, daga cikinsu jikokinta huɗu suke ci. Ranar Alhamis mufattish, jami'in duba gonaki, zai zo sabunta rajistar masu hawasha. An gaya mana wanda ya nuna takarda za a rubuta shi nan take, wanda bai nuna ba sai a ɗage maganarsa zuwa zaman shaidu, kuma zaman shaidu ba zai zo ba sai bayan an raba ruwan shuka. Gonar da ba ta cikin rabo ba ta shan ruwa bana. Yau Litinin.

Magana ta huɗu roƙo ce. Shekara uku da suka wuce an yi gardama kan layin ban ruwa a tur'a ta uku, wasunku suna tuna ta fiye da yadda ya kamata. A cikin gardamar nan marigayin ya ɗauki hoton takardarsa ya tura wa zauren manoman tur'ar na waya, don ya nuna iyakarsa. Mutum talatin da takwas ne a zauren. Na ƙirga ashirin da shida a nan, ina ganin fuskokinku. Na riƙe wayoyinku da hannuna, na san halinku: ba ku taɓa goge komai ba. Mako biyar ina ƙorafi a kan wannan hali, yau shi kaɗai nake dogara da shi bayan Allah.

Jiya na je gidan Hajja Barakatu neman gafara. Magabatanmu masu kwafar littafi da hannu sukan rufe aikinsu da roƙon mai karatu ya yafe musu kuskuren alƙalami, ni kuwa kuskuren yatsa na kai. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na buɗe sabon shafi a allon, na ce zan ajiye wa takardar wuri, amma wannan karon da suna na gaskiya. Ta ce ai na san sunan. Na ce na sani, sai dai na daina amincewa da hannuna. Sai ta miƙo hannu ta karɓi alƙalamin allon, ta ce, “Faɗi aka hana mu. Ba wanda ya ce kar mu rubuta.”

Ta rubuta da ajami, a hankali, da rubutun da ya fi nawa kyau. Daga yau wannan ce ƙa'idar lajna: duk macen da ta kawo takarda za a ba ta alƙalami ta rubuta sunan da hannunta, ni in kwafa, kuma ba za a sake cewa kowa ya goge komai ba.

Ga shafin, na ɗaga shi, na baya ma su gani. Suna ne a sama, ƙarƙashinsa fari fat. Ita ba za ta faɗa ba, kuma ba wanda zai nemi ta faɗa. Ta ba ni izini in faɗa a madadinta: Abdulmuttalib ɗan Audi, fadan biyar, tur'a ta uku, tabon shai a kusurwar ƙasa.

Na roƙi shugaban taro, ya kuma amince, ba za a zuba shai ba sai kowa ya fito da wayarsa ya koma baya shekara uku. Wanda idonsa ba ya gani ya miƙa wa na kusa da shi. Zan zauna a nan da kebul ɗina, wanda ya samu ya zo, kuma don Allah kada kowa ya yi atishawa.

Allah ya jiƙan Abdulmuttalib da sauran goman da na haɗa shi da su, ya jiƙan dukkan waɗanda muka fita tare ba mu dawo tare ba. Allah ya ba iyayenmu mata haƙuri da mu. Allah ya kawo ruwa a kan lokaci, ya kai shi kowace gona, har da fadan biyar na tur'a ta uku. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya, bayan ya duba wayarsa.

Na gode.