Kada Ku Kori Manaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyar mazauna wannan bene, wanda ya ba ni dama in yi magana, kuma nake roƙon ya mayar da agogonsa aljihu, mai girma wakilin mai gida, da ba ma ganin fuskarsa sai ranar taro, sakatariyarmu mai alƙalami a hannu, iyayenmu mata na hawan sama, 'yan'uwana magidanta, maƙwabtan da suka sauko da kujerunsu, da waɗanda suka leƙo ta taga don kada a ce sun zo, ina yi muku sallama baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga masu motocin da suka janye su muka sami wurin zama a wannan gareji. Ina kuma godiya ga waɗanda suka kawo ƙarata, domin da ba don su ba, da har in tsufa a gidan nan ba wanda zai miƙo mini makirufo.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai gyaran firiji na hawan ƙasa, ƙofar da ke gindin matakala. Ɗakin gaba shagona ne, na tsakiya namu ne ni da maiɗakina, na baya kuma na mahaifina ne. Ƙudurin da ke gabanmu yau ɗaya ne: a fitar da ɓeran Masar ɗin da ke gidana daga wannan bene, saboda ƙara. Idan hannuwa suka tashi, gobe zan ɗauki keji in fita da shi, ba zan yi wa taro gardama ba. Sai dai dabbar nan ba tawa ba ce, ta Baba ce, kuma kafin ku raba tsoho da abinsa, ina so ku ji yadda aka yi.

Na farko, yadda ya shigo.

Kun san mahaifiyarmu ta rasu bara, da yawanku kun zo mana gaisuwa, Allah ya saka. Tun daga lokacin Baba ya shige ɗakin baya bai sake fitowa cikin mutane ba. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru a ci abinci, ya koma "to" da "a'a". Abin ya dame ni ƙwarai, kuma ban san yadda zan yi ba, domin ni firiji na iya gyarawa.

Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta shigo wata rana da kwali mai huji-huji, ta ajiye a gaban Baba. Ya leƙa, ya ga wani dunƙulen gashi, ba wuya, ba wutsiya, sai idanu da haƙora biyu. Ya ce, "Wannan kuma me ya yi mini da za a kawo mini shi?" Ta ce, "Baba, abokin hira ne." Ya ce, "Ku fitar mini da shi." Jama'a, ni da ƙanwata muka dubi juna, domin rabon da Baba ya jera magana mai tsawon wannan har mun manta. Nan take muka yanke shawara ba inda za a kai shi.

Ba a yi mako ba Baba ya raɗa masa suna Manaja. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ba ya aikin komai, bakinsa ba ya hutawa, kuma da ya yi tsawa kowa sai ya taso."

Na biyu, abin da muka sha kafin mu gane kansa. Ina faɗin wannan ne don ku san ba da wasa muka riƙe shi ba.

Ni na ƙera masa keji da hannuna, da ragar bayan wani tsohon firiji, ina ta alfahari. Kwana kaɗan ya fara ɗingishi, ashe tafin ƙafarsa ba ya son waya. Na shimfiɗa katako, na zuba busasshiyar ciyawa a matsayin katifa. Washegari na tarar ya cinye katifar. Na sake shimfiɗawa, ya sake cinyewa. Maiɗakina ta ce, "Wannan ko baƙon da ya fi kowa rashin kunya ba ya cin shimfiɗa." Daga baya muka fahimci ciyawar ce ainihin abincinsa, kuma haƙoransa ba sa daina tsiro, in bai tauna ba su ne za su hana shi ci.

Ranar da ta fi ba mu tsoro kuwa, na canza masa ciyawa ke nan sai na ga ya daka tsalle sama, ya murɗe a iska, ya faɗo, ya zabura da gudu, ya sake dakawa. Maiɗakina ta yi salati. Baba ya miƙe tsaye ba sanda, ya ce, "Farfaɗiya ce! Me kake jira?" Na naɗe shi a tawul, na tari mai babur, na bar firijin mutane a kwance da bayansa a buɗe. Likitar dabbobi ta juya shi, ta duba, ta saurari ƙirjinsa, ta tambaye ni me ya faru kafin ciwon ya tashi. Na ce sabuwar ciyawa kawai na zuba masa. Ta cire tabarau ta ce, "Malam, murna yake yi." Na biya kuɗin likita na dawo gida da majinyacin da ba abin da ke damunsa sai farin ciki. Da na gaya wa Baba, ya yi dariya har sai da maiɗakina ta kawo masa ruwa. Ni kuma na koma shago na rufe ƙofa, don ban so su ga idona.

Na uku, ƙarar da aka kawo ƙara a kanta. Ba zan musa ba, akwai ta. Malamar makaranta ta hawa na biyu ta ce fiton nan da Manaja yake yi yana hana ta duba takardun ɗalibai, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ku ji tushen abin.

Likita ta ce a riƙa ba shi ɗanyen ganye kullum, da ɗan tattasai mai zaƙi ko kokwamba, domin jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. A firiji muke ajiye su. Kwana biyu, Manaja ya haddace cewa ƙarar buɗe ƙofar firiji ma'anarta kokwamba. A gidan kowa wannan ba matsala ba ce, sau nawa ake buɗe firiji a yini? To amma ni, jama'a, buɗe ƙofar firiji ita ce sana'ata. In buɗe in ji ko sanyi ya kama, in rufe in ga ko roba ta manne, in sake buɗewa don mai shi ya gani da idonsa. Firiji huɗu a shago, kowanne da ƙofa biyu. Duk buɗewa ɗaya, Manaja ya miƙe da ƙafafun baya ya rangaɗa fito, yana zaton an buɗe masa kasuwa. Na shafa wa ƙofofin mai, na koyi buɗe firiji kamar ɓarawo, a banza. Kunnensa ya fi na maiɗakina, kuma waɗanda suka san maiɗakina sun san ba ƙaramar magana na yi ba.

Da koke ya yi yawa, sai na fitar da kejin daga cikin gida, na ajiye shi a lungun gindin matakala, nesa da firiji. Sai Baba ya tashi. Ya jawo kujerarsa daga ɗakin baya, ya ratsa ɗakinmu da shago, ya kafa ta a bakin ƙofa, bayan labule, inda zai riƙa hango shi. Na ce to, an huta. Sai ga shi fiton bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, daga safe har yamma, ko da ban taɓa firiji ba.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon sakatariya ta riƙe alƙalaminta da kyau.

Watan jiya na mayar da shi wurin likita don a yanke masa farce. Ta ɗora shi a sikeli, ta sauke, ta girgiza sikelin, ta sake ɗorawa. Ta ce, "Malam, me kake ba shi?" Na lissafa mata. Ta ce, "Wanda yake cin abin da ka faɗa ba ya zama haka. Wannan fa ba ya iya juyawa a cikin ɗakinsa." Ta yi mini faɗa sosai, ni da nake auna masa ganye da tafin hannu.

Na dawo raina a ɓace, na tuhumi maiɗakina, ta rantse. Na je wurin Baba da ladabi, na ce, "Baba, ko kana ɗan ƙara masa wani abu?" Ya dube ni yadda yake dubana tun ina yaro, ya ce, "Kai kaɗai ne a benen nan ba ka sani ba. Zauna."

Jama'a, Baba yana bayan labule duk yini, kuma tsufa bai taɓa masa ido ba. Ya ce duk wanda ya dawo daga kasuwa da leda a hannu, da Manaja ya ji motsin ledar sai ya yi fito, mai leda kuma sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya durƙusa. Ya ce direban motar asibiti na hawa na uku, karas yake kawowa, a aljihun riga. Ya ce malamar makaranta, wadda fito ya hana ta aiki, ganyen latas take zura masa, tana ce masa "ɗan albarka". Malama, kada ki rufe fuska, ba ke kaɗai ba ce. Ya ce akwai wani babban mutum, mai faɗa a ji a gidan nan, wanda yake fitowa da sassafe da yankakken tuffa a cikin hankici, ya tsuguna da babbar rigarsa, yana cewa, "Ci maza, kada a gan mu." Ba zan faɗi ko wane ne ba, saboda girman kujerar da yake zaune a kai yanzu haka, ga ruwan gora a gabansa.

Ranka ya daɗe shugaba, ban ce kai ne ba. Tari ne ya kama ka, a ba shugaba ruwa.

To kun ga inda muka kwana. Ni na koya masa firiji, na amsa laifina. Leda kuwa ku kuka koya masa. Kowa yana ciyar da shi a ɓoye yana zaton shi kaɗai ne mai taushin zuciya, kowa kuma ya hau sama ya ce fito ya dame shi. An kawo ƙarar ma'aikaci, alhali duk benen nan ne yake biyansa ladan ihu.

Abin da nake roƙo bai da yawa. A bar shi. A daina ba shi a ɓoye. Wanda yake so ya ba shi, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙa wa Baba, Baba ya san awo, kuma zai so a gaishe shi. In leda ta daina biya, fito zai ragu da kansa, likita ta tabbatar mini.

Saura guda, kuma na san yanzu za a yi mini ca. Likita ta ce wannan dabba ba a halicce ta don zaman kaɗaici ba. A garke take rayuwa, in aka bar ta ita kaɗai za ta ci, za ta sha, amma a hankali sai ta lafe a lungu ta daina motsi. Da ta faɗi haka ban tambaye ta ƙarin bayani ba, domin na riga na ga irin wannan a ɗakin bayan gidana. Saboda haka, ya ku maƙwabta, kun taru don ku kori ɗaya, ni kuma na zo neman izinin kawo na biyu. Namiji ne, na sa an duba har sau biyu, don kada baɗi mu dawo garejin nan da maganar garke.

Kafin shugaba ya ce a ɗaga hannu, ina roƙon kowa ya ɗan waiga baya. Can kujerar ƙarshe, kusa da famfo, mai farar hula da sanda a tsakanin gwiwoyi. Ban ce ya zo ba, ban ma gaya masa lokacin taro ba. Ɗazu na shiga in yi masa sallama na tarar ya riga ya sa takalmi. Na ce, "Baba, ina zuwa?" Ya ce, "An ce da hannu za a yi. Ni ma ina da hannu."

Baba, sannu da fitowa. Mun yi kewarka.

Allah ya ba mu zaman lafiya a wannan bene, daga hawan ƙasa har na sama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya sa kada ɗayanmu ya tsufa a ɗaki shi kaɗai alhali yana da maƙwabta. Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya sauƙaƙa wa shugaba wannan tari. Allah ya tashe mu lafiya.

Na gode.