Sau Ɗaya Suka Tambaye Ni

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da suka zo yau, sunana Saratu. Ni ce mai zama a kujerar ƙarshe ta gefen hagu, jikin bango, kuma yau za ku ji abin da ya kai ni can. Mama Pasto ta ce in ba da shaida mai sanyaya zuciya. Na ce mata, Mama, wadda nake da ita zan bayar, da ɗacinta da komai.

Shekara goma sha huɗu na yi a wani kamfanin wanki, muna wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal. Kullum daga unguwar Stapleton nan New York in hau feri, jirgin ruwan nan, in ƙetara, in tsaya gaban injin guga har ƙafafuna su kumbura. Ban taɓa makara ba. Ina da ciwon suga, kuma inshorar lafiya ta wurin aiki ita ke ɗauke da allurata da ganin likitan ido. Tun da maigidana ya rasu, wannan aikin ne uwata da ubana.

Wata safiya aka tara mu a ɗakin cin abinci. Manaja ya ce sun kawo sababbin injuna, rabinmu za su tafi. Ya karanta sunaye, nawa na ciki. Ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

Kafin ya rufe baki, sai ga tebura an jera a bayan ɗakin, da wasu baƙi zaune da takardu. Aka ce mana hukumar birni na ware kuɗi don irin wannan rana, a taimaki waɗanda aka sallama su nemi aiki, su koyi sana'a, su sami wata inshorar. Abin da ba a gaya mana ba sai daga baya shi ne, kuɗin nan ba namu kaɗai ba ne. Makonni ke nan mutanen suna shiga ofishin manaja, suna nuna masa yadda zai rage ma'aikata ba tare da rigima ba, da yadda za a horar da waɗanda ya zaɓa ya bari. Da harajin da ake yanka a albashina aka koya wa mutum yadda zai kore ni cikin ladabi! Wannan abu har gobe yana ci mini rai.

Layi ya zo kaina. Wata mata mai gilashi ta dube ni, ta tambaye ni da Turanci ko ina buƙatar taimako wajen aiki, ko horo, ko inshora.

To, 'yan'uwa, kun san yadda aka raine mu. A ƙauyenmu can gefen Zariya, in ka shiga gidan mutane aka ce ga tuwo, ko cikinka na kuka sai ka ce ka ƙoshi. Matar gida ta sake cewa, ka ce a'a, an gode. Sai a na uku, in ta ɓata fuska, kake wanke hannu. Uwata ta taɓa zane ni don na karɓi rogo a tayin farko. Saboda haka na gyara tsayuwa, na yi murmushi, na ce, “I'm fine, thank God.”

Na tsaya ina jiran tayi na biyu.

Ta sa biro ta yi alama a takarda, ta kira na bayana.

Shi ke nan fa! Da na buɗe baki a lokacin, da an gyara. Amma abokan aiki na tsaye a bayana, manaja na kallo daga bakin ƙofa, ni kuma ba zan roƙi komai a gabansa ba. Na ɗauki jakata na fita, kai a sama. Girman kai ne, na raɗa masa suna kunya. Shi manaja da aka tambaye shi ko yana son taimako, na tabbata bai ce ya ƙoshi ba.

Ba a jima ba inshora ta yanke. Na fara ja wa allura rai, yau in yi, gobe in tsallake. Ranar ganin likitan ido ta zo ta wuce, ban je ba. Na yi ta yawon neman aiki, kowa ya dubi furfurata sai ya ce za su kira ni.

Kuma duk Lahadi ina nan. Na ɗaura ɗankwalina, na yi waƙa da zumuntar mata, na yi rawa har da guɗa. Ku gafarce ni, amma sai na faɗa. Kun tambaye ni, “Saratu, ya aiki?” Na ce aiki da godiya. Kuka wuce. Matar tebur baƙuwa ce, ba ta san mu ba, ba ni da ta cewa a kanta. Amma ku? Ku da kuka sha nono irin wanda na sha? Kun ga na rame, zanena na zagaye ni sau biyu, ba wanda ya tambaye ni sau biyu. Na yi fushi da ku, fushi mai tsanani, ina zaune a tsakiyarku.

Sai idon hagu ya fara hayaƙi. Na ce gajiya ce. Na shafa man zaitun, na yi shiru.

Wata safiya na hau feri, ba don ina da wurin zuwa ba, sai don kada maƙwabta su gane ina zaman gida. Ina tsaye a waje iska na kaɗawa, wani abu ya faɗa mini a idon dama, na sa tafin hannu na rufe shi. Birnin nan gaba ɗaya ya ɓace. Dogayen gine-ginen nan, ruwa, mutanen da ke gefena, babu. Duhu kawai da ɗan haske a gefe.

Na riƙe ƙarfen jirgin. Addu'ar da na yi ba irin ta littafi ba ce. Na ce, “Ubangiji, me na yi maka? Shekara nawa ina share ɗakinka?” Na yi ta faɗa da shi, hawaye na zuba. Da na gaji, sai na ji a zuciyata cewa shi ma haka nake masa. Kullum in durƙusa in ce na gode, na gode, ban taɓa ce masa ina jin tsoro ba. Ranar na faɗa. Na ce, “Yesu, ban ƙoshi ba. Ƙarya nake yi. Ka taimake ni.”

Haleluya! Ku ji ta inda ya amsa.

Da na dawo na biya wani shago a unguwar Tompkinsville sayen garin masara. Sai na ji an fizgi zanena. Hajiya Ramatu ce, 'yar Zangon Kumasi, wadda muka yi shekaru muna ninke zannuwa tare, aka kuma kore mu rana ɗaya.

Ta ce, “Saratu, tun ɗazu ina ɗaga maki hannu a gefenki. Gaba muke yi?”

Na ce, “Ban gan ki ba, Hajiya.”

“Lafiya kike?”

“Lafiya lau.”

Ta ƙura mini ido. “Na ce lafiya kike?”

“Da godiya.”

Ta ajiye kwandonta a ƙasa, ta riƙe kafaɗuna. “Saratu, don girman Allah, lafiya kike?”

Nan na fashe da kuka a gaban buhunan shinkafa. Ita ranar tebur cewa ta yi tana son komai, har abin da ba a lissafa ba. Ta samu inshora, ta yi kwas, tana aikin kula da tsofaffi. Ta ce, “Nan New York ne, 'yar'uwa. Ba wanda ke da time ɗin lallashinki. Gobe zan kai ki office ɗin, ko da ja ne.”

Allah ya tsallake ikilisiya guda ya aiko mini Musulma. Ku riƙe wannan.

Muka je. Matar mai gilashi ce dai. Ta duba kwamfuta ta ce an rubuta na ƙi taimako. Na yi mata bayani, ta cire gilashinta, ta ce, “Amma ke kika ce lafiya kike.” Gaskiyarta. Ta ce kuɗin horo na shekarar ya ƙare, sai in hukuma ta sake warewa, amma takardar inshora za a cike mini a take. Aikin bai kai tsawon wa'azin Pasto ba. Abin da na sha wahalar watanni a kansa ke nan.

Likita ya duba ni ya daɗe. Ya ce suga ya ci idon hagu, ba zai dawo ba, kuma da na zo da wuri da an cece shi. Na dama ya fara taɓuwa, amma an tare shi.

An tare shi, 'yan'uwa! Da shi nake kallonku yanzu. Da aka sake ware kuɗi na samu gurbi na yi kwas, yau ina aiki tare da Hajiya. Ubangiji ya fisshe ni daga duhu, ya fisshe ni daga girman kai. Fushi kuwa yana kan cire shi, bai gama ba, ba zan yi muku ƙarya a gaban bagadi ba. Manaja na nan da idonsa biyu.

Na gode wa Allah, na gode wa Yesu mai cetona. Ku dogara gare shi, ku gaya masa gaskiyar cikinku. In ranar sallama ta zo muku aka jera tebura, ku amsa tun a tayin farko, kuɗinku ne. In kuma kun gai da ɗan'uwa ya ce lafiya lau, kada ku wuce, ku sake tambaya.

Ni dai ina kujerar bango ne don duk ku kasance a damana, in riƙa ganinku. Duk wanda ya ce mini lafiya lau yau a bakin ƙofa, ya shirya, sai na tambaye shi sau uku.

Ku yabi Ubangiji!