Ciwon Kai da Ciwon Baya

A layin ganin likita, wani tela mai lamba ashirin ya roƙi tsohon direban da ke gefensa su yi musayar lamba.

Direba ya ce, "Na ba ka huɗu tawa, amma sai ka faɗa min abin da ya kawo ka."

"Ciwon kai ne kawai, Baba."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai, tun rasuwar ƙanena. Ba barci, ko keken ɗinki ba na son gani."

"Ɗana, ai wannan ciwon damuwa ne."

"Haba! Wannan na ƙasashen masu kuɗi ne, mu ina muka gan shi?"

"Ƙasa shida na tuƙa mota, ko'ina akwai shi. Can ƙasashen masu kuɗi mutum ya ce ransa ba daɗi, a rubuta. Ku kuwa ku ce kai, ku ce baya, a ba ku ƙwaya biyu. Wa zai ƙirga ku?"

"To kai fa, Baba, me ya kawo ka?"

Direba ya sosa ƙeya. "Ciwon baya."

"Tun yaushe?"

"Tashi, an kira ka! Kuma ka ambaci ƙanen nan."

Tela ya jima a ciki, ya fito da jan ido da godiya. Shi ya ci riba. Direba kuwa ya rasa lambarsa, ga shi bakinsa ya tona shi.