Babur ɗin Hanyar Tafoki

A rumfar mai faci a Faskari, wani dattijo ya ƙura wa babur ɗin wani saurayi ido.

"Samari, ina ka samo wannan dogon?"

"A waya na gan shi, Baba, na saya wajen dillali, na hannu ne. Na sa mishi tayoyi masu manyan haƙora saboda taɓon hanyar Tafoki. Yanzu ko ana ruwa sai na je gona!"

"Ba cewa aka yi injin ya mutu ba?"

"Ina! Zanzaro ne ya yi gida a salansa. Da tsinke na gyara shi. Mai shi bai ko leƙa ba."

Dattijon ya tuntsire da dariya.

"Wallahi ban leƙa ba! Tashi ka kai ni Tafoki, in ji daɗin abin da na yar."