Tsumma a Maƙogwaron Mota

"Ku kuka kashe min jika," tsohuwar ta ce wa bakaniken da ta tarar a bakin gareji.

"Inna, ni yau na fara ganinki."

"Motar surukina fa? Talata kuka wanke mata inji, Laraba naƙuda ta kama 'yata. Yana taka totur har ƙasa, mota tana jan ciki, masu keke suna wuce mu. Kafin mu kai asibiti ɗan ya mutu a ciki."

"Ƙila fulogi ne."

Ta zaro baƙin tsumma daga jaka. "Wannan aka ciro daga inda motar take shaƙar iska."

Ya sunkuyar da kai. "Mukan toshe ne, kada ruwa ya shiga."

"To kira min wanda ya toshe bai cire ba, ya zo ya amsa min da bakinsa."