Naƙuda Bayan Aiki Biyu

A tashar Kurfi, cikin motar Dutsin-Ma da ta ƙi cika, wata dattijuwa mai goyo ta dubi mai cikin da ke gefenta.

"Yarinya, awo za ki?"

"Asibiti nake nema, Inna. Sau biyu ana yi mini aiki. Wannan karon so nake in haihu da kaina, amma duk inda na je, da sun ga tabon sai su ce wuƙa. An ce akwai likitar da ke barin mace ta gwada naƙuda, ga jini a ajiye, ga ɗakin tiyata kusa. Na gaji da yawo, wallahi."

"Wahalar banza. Yi zamanki gida, sai kan ɗa ya sauko ki je, lokacin ba su da ta cewa. Dabarar da muka yi wa Turai ɗiyata ke nan, ita ma aiki biyu."

"Ta haihu da kanta?"

"Da kanta. Ga shi nan a bayana."

"Masha Allah. Ita tana ina?"

Dattijuwar ta gyara majanyi, ta leƙa ta taga.

"Direba, wai yaushe za mu tashi ne? Madarar marayan nan ta kusa ƙarewa."